Kafin ka biya kuɗin koyar da direban fokilif a Accra

Mai sito a Spintex ko Tema da ya sayi motar ɗaga kaya, wato fokilif, sai ya yanke shawarar inda direbansa zai koyi aikin.

Hanya mafi araha ita ce wadda muka saba da ita a Nima da Mamobi: a haɗa yaro da tsohon direba. Hannunsa zai faɗa da wuri, amma zai gaji kurakuran maigidansa kaf, har da ɗora mutum a kan ƙarafan gaba don ya sauko da kwali. Ga shi babu takardar shaida. Ba na ba kowa shawarar ya tsaya a nan.

Sai makaranta. Jami'ar harkokin teku da ke Nungua tana koyar da wannan aiki, akwai kuma masu zaman kansu. Kafin ka ba da ko sidi ɗaya, tambayi ko hukumar CTVET, mai kula da koyar da sana'o'i a Ghana, ta amince da su, sannan awa nawa ɗalibi zai yi a kan motar da kansa, ba kallo daga gefe ba. Tambayi irin motar ma, domin wanda ya koya da babbar mai dizal a fili bai iya ƙaramar mai batir da ke shiga tsakanin kantoci ba. Lasisin rukunin E na DVLA, wato hukumar ba da lasisin tuƙi, shi ya shafi fokilif, amma lasisi bai san lungunan sitonka ba.

Shi ya sa na fi son a gama makaranta, sannan a kira malami ya zo wurin aikin. Ya fi tsada, gaskiya ne. Amma a nan direba zai ga gangaren ƙofarka, da kwanar da leburori ke ɓullowa ba zato. Motar nan da ƙafafun baya take juyawa, bayanta kan yi wurgi ya maƙure mutum da bango. Malamin kirki zai sa direba ya karanta farantin da ke nuna iyakar nauyi, ya riƙa tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, ya ja da baya idan kaya sun tare masa gani. Zai nanata masa cewa in motar za ta kife kada ya yi tsalle: ya zauna da bel ɗinsa, ya riƙe sitiyari kam, don rufin ne ke danne masu tsalle.

Alhaji, nauyin yana wuyanka. Dokar Ƙwadago ta 2003, sashe na 118, ta wajabta wa mai aiki ya horar da ma'aikaci gwargwadon shekarunsa da karatunsa, ya kuma ba shi kayan kariya kyauta. Saboda haka idan direbanka Hausa ko Twi ya fi ji, nemi malamin da zai yi masa bayani da harshen. In hatsari ya auku, kwana bakwai doka ta ba ka ka kai rahoto, kuma dokar diyya ta 1987 kai ta ɗora wa biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki.