Wata bakwai ina shan maganin matsuwar fitsari: abin da na gani

Na kai kusan shekara biyu ina fama da wannan lalurar ban faɗa wa kowa ba, saboda kunya. Fitsari ne yake matsa mini lokaci guda, ba sallama. Abin da ya fi damuna shi ne dawowa gida: da zarar na sa mukulli a ƙofa sai in ji kamar ba zan kai banɗaki ba, kuma sau da yawa ɗigo biyu ko uku sun riga sun zuba. Da dare in tashi sau uku, wani lokaci huɗu. Duk wurin da na shiga, banɗaki idona yake fara nema.

Da na daure na je wurin likita, bai ba ni magani a ranar ba. Sai da aka gwada fitsarin ko akwai ƙwayoyin cuta, aka auna sukarin jinina, tunda ciwon suga ma yana kawo yawan fitsari. Duka suka fito lafiya. Sannan ya ce in yi kwana uku ina rubuta duk lokacin da na zagaya da abin da na sha. Rana ɗaya na ƙirga sau 14. Ya ce sau takwas ko fiye a yini da dare, haɗe da wannan matsuwar, alama ce ta mafitsarar da ba ta da haƙuri: tsokar da ke jikinta tana matsewa tun kafin ta cika. Ya kuma tabbatar mini ba yoyon fitsari ba ne. Maganar nan kaɗai ta sauke mini kaya mai nauyi daga zuciya.

Solifenacin ya fara rubuta mini, miligiram 5, ƙwaya ɗaya a rana. Aikinsa tare saƙon da jijiya ke aika wa tsokar mafitsara cewa ta matse. Kafin ya rubuta, ya tambaye ni ko ina da hawan jinin ido ko fitsari yana riƙe mini, domin masu waɗannan sai an yi taka-tsantsan da su. A mako na biyu na ga canji, kuma ba zan rage masa haƙƙinsa ba: ya yi aiki. Amma irin saƙon da yake tarewa a mafitsara shi ne yake sa yawu ya fito, shi ne kuma yake motsa hanji. Bakina ya bushe ƙamas. In farka da asuba harshe manne da ganɗa, sai na kurɓi ruwa kafin in iya magana. Ruwan da nake ta sha don baki kuma ya koma fitsari. Ga bayan gida ya yi tauri, sai in yi kwana uku ban zagaya ba.

Bayan wata biyu na kusa ajiye shi shiru in koma gidan jiya. Allah ya sa na koma na faɗa wa likita. Ya ce irin wannan rukunin magani, har da tsohonsu oxybutynin, yakan kawo ruɗewa da mantuwa ga tsofaffi, don haka ba a son mutum ya yi ta jurewa ba tare da ya yi magana ba. Sai ya canza mini zuwa mirabegron, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2012. Shi ba tare saƙo yake yi ba, sassauta tsokar yake yi domin mafitsara ta ɗauki fitsari da yawa. Na fara da miligiram 25, daga baya aka kai ni 50.

Wannan sai da haƙuri. Makonni uku na farko ban ga wani abin kirki ba, ga ɗan ciwon kai. An riga an faɗa mini yakan kai mako takwas kafin ya kama sosai, shi ya sa ban karaya ba. Baki bai bushe ba, ciki ya saki. Sharaɗinsa shi ne hawan jini: yana iya ɗaga shi, kuma ba a ba wanda nasa ya yi tsanani ba a shawo kansa ba. Duk mako nake auna nawa a gida. Haɗiye ƙwayar ake yi ɗungurungum, ba a taunawa ba a fasawa, don a hankali take narkewa.

Ban yarda maganin shi kaɗai ya yi aikin ba. An koya mini in tsaya cak idan matsuwar ta zo, in matse tsokar ƙasan mara har ta lafa, in ƙara jira minti biyar kafin in zagaya, daga baya goma. Na rage kofi, na daina shan ruwa awa biyu kafin barci. Kuma maganin ba warkarwa yake yi ba: da ya ƙare mini na kwana biyar, abin ya fara dawowa.

A tsakanin biyun, mirabegron ne ya karɓe ni. Makon jiya na sake yin rubutun kwana uku: sau takwas a rana, tashin dare sau ɗaya.