Abin da Na Gani a Kotun Shari'a da Na Nemi Haƙƙin 'Ya'yana Ba Lauya

Na shafe kusan wata biyar ina zirga-zirga a wata kotun shari'ar Musulunci da ke birnin Kano, ina neman takardar sakina, da riƙon 'ya'yana biyu, da kuɗin ciyar da su. Ban ɗauki lauya ba, domin albashina na koyarwa ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, kuma bayan da sulhun dattawan gida da na ofishin Hisbah ya ci tura, ba ni da wata ƙofa da ta rage sai ta alƙali. Tsohon mijina ya sake ni da baki a gaban yayana da wani maƙwabcinmu, amma ya ƙi rubutawa, alhali ya sani sarai cewa macen da ba ta riƙe da takarda tana zaune ne tsakanin aure da zawarci.

Shigar da ƙara ya zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata. Magatakardan kotun, wani dattijo mai zaune a bayan tarin fayil-fayil da aka ɗaure da igiya, ya saurare ni da Hausa, ya rubuta da'awata, sannan ya karanta mini ita daga farko har ƙarshe. Da ya ji na tsaya a kan maganar saki kaɗai, sai ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "'Yata, alƙali ba ya ba mutum abin da bai nema ba. Idan kina son riƙon yara da ciyarwa, ki faɗa yanzu a rubuta." Wannan magana ita ce mafi amfani a cikin duk abin da na ji a wurin. Na biya kuɗin ƙara, na karɓi rasit, aka rubuta sammaci.

A zaman kotu kuwa na fahimci cewa kuka da yawan magana ba sa tsayawa a matsayin hujja. Ƙa'idar ita ce mai da'awa ya kawo shaida, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa, don haka da mijin ya musa sakin, yayana da maƙwabcin suka ba da shaida, aka tabbatar da shi tare da ranar da iddata ta fara. Riƙon yara bai ɗauki lokaci ba, saboda a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi uwa ce ta fi cancanta da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, kuma ko uwar ta yi wani aure, kakar yaran ta wajen uwa ce ke biye mata.

Inda na sha wuya shi ne batun ciyarwa. Ranar farko da alƙali ya tambaye ni nawa nake nema a wata, na ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da ya sauƙaƙa." Ya dube ni ya ce kotu ba ta yanke hukunci a kan abin da ba shi da adadi. A daren nan na zauna da littafin ɗalibai, na rubuta kwanon shinkafa da na masara nawa muke ci, da sabulu, da kuɗin makarantar boko da na Islamiyya, da maganin ƙaramar da ke fama da ciwon sikila, na haɗa da rasit-rasit ɗin da na tara a cikin leda. Da wannan lissafi aka yanka masa naira 40,000 a wata, ban da kuɗin makaranta da na asibiti. Kafin hukunci alƙali ya yi mana i'izari, ya tambayi kowannenmu ko yana da sauran magana, bayan hukuncin kuma ya ce wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma bai kamata in ɓoye su ba. Sau uku ana ɗage zama saboda sammaci bai isa hannun wanda nake ƙara ba, sai da na biya kuɗin motar masinja na kuma raka shi da kaina har bakin shagonsa. Kwafin hukunci mai hatimi ya ɗauke ni mako uku, kuma babu wanda ya gaya mini cewa sai na nema za a ba ni. Wata mata da muke zama tare a benci ce ta ankarar da ni, ita ce kuma ta sanar da ni cewa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Najeriya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimaka wa marasa hali kyauta. Da a ce shari'ar ta haɗa da gida ko gado, ko kuwa shi ya zo da lauya, da can zan fara zuwa.

Ya biya wata biyu na farko ta hannun kotu, a na uku ya yi shiru. Na ɗauki kwafin hukuncin na koma wurin magatakarda, an sake rubuta masa sammaci, kuma an sa mana ranar Talata mai zuwa.