Ma'aikatar gwamnati ko kamfanin binciken muhalli: amsa ga ƙaninmu na Daura

Assalamu alaikum. Shekaranjiya wani ƙaninmu daga Daura ya kawo tambaya a zauren nan. Ya karanta labarin ƙasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ya gama bautar ƙasa, sai Allah ya buɗe masa ƙofa biyu lokaci guda. Ɗaya gurbin ƙaramin jami'in muhalli ne a ma'aikatar gwamnati mai kula da hanyoyi da sufuri, ɗayar kuma kamfani ne mai zaman kansa da ke rubuta rahoton binciken muhalli kafin a fara manyan ayyuka. Yana son sanin wadda zai shiga. Ƙanena, na taɓa duka biyun, na fara da kamfani na dawo ma'aikata, don haka bari in ajiye maka su kafaɗa da kafaɗa.

Tushen aikin nan biyu ɗaya ne. Bayan sharar guba da aka jibge a garin Koko na Jihar Delta ta yanzu a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, sannan a 1992 aka yi doka mai lamba 86 wadda ta ce ba za a fara babban aiki ba, irin sabon layin dogo ko babbar hanya, sai an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da iska da mutanen wurin. Wannan bincike shi ne ake kira EIA, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke amincewa da shi. Kamfani shi ke rubuta rahoton. Jami'in ma'aikatar hanya shi ke tsaye ta ɓangaren mai aikin, yana duba ko abin da aka rubuta an aikata shi.

A kamfani za ka sha rana tun makon farko. Za a ba ka na'urar auna ƙara da ta auna ƙura, da kwalabe na ɗibar ruwan rijiya da na rafi, da ledoji na ɗibar ƙasa, a jefa ka cikin mota. Babban aiki ana ɗibar bayanansa sau biyu, da damina da rani, domin rafin da ka gani rairayi tsura a watan Maris shi ne zai ci gadar a watan Agusta. Za ka koyi zana taswira a kwamfuta, ka koyi zama gaban magajin gari da masu unguwa kana tambayar ina burtali ya bi, ina maƙabarta, wace tsamiya ce ake zaman kasuwa a gindinta. Abin da na koya a shekara ɗaya a can, ban ga wanda ya koye shi a shekara uku a ofis ba. Kuɗin ma yakan fi kauri idan akwai aiki a hannu. Idan babu, sai ka ji shiru, wata biyu wata uku ana ce maka a yi haƙuri ba a biya kamfani ba.

A ma'aikata kuwa mai digiri yana shiga ne a matakin albashi na 8, ya yi shekara biyu kafin a tabbatar da shi, ƙarin girma kuma duk bayan shekara uku in an ci jarrabawa. Albashin ba zai burge ka ba, amma ƙarshen wata yana zuwa da shi, kuma ka san inda ka dosa har shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa. Watanninka na farko fayil ne da rubuta bayanin taro. Ba zan ɓoye maka ba, akwai wanda ya shiga da zafinsa, ya zauna shekara biyar bai taɓa taka filin aiki ba, har abin da ya karanta ya bi iska. Wannan shi ne babban haɗarin wannan ƙofa, ya fi ƙarancin albashin ciwo.

Akwai kuma abin da ya dame ni a kamfani, shi ne wanda ya biya kuɗin rahoton shi ne wanda rahoton ke magana a kansa. Wata rana aka miƙo mini wani tsohon rahoto aka ce in gyara sunayen garuruwa kawai, lokaci ya ƙure. Ina karantawa sai na ga ana maganar itacen kwakwar manja da dazuzzukan bakin teku, alhali hanyar a ƙasar gawo da aduwa take. Na ƙi, na koma na sake ɗibar bayanai, amma na ga yadda abin ke da sauƙi ga yaron da ke tsoron rasa aikinsa. Ba duk kamfanoni ke haka ba, akwai masu amana ƙwarai. Sai dai ko mai amanar, da zarar an baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba, an yi zaman tantancewa, an ba da takardar amincewa, shi ya gama. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi wani aikin.

Daga nan ne aikin jami'in ma'aikata ke farawa, kuma nan ne zuciyata ta karkata. Bari in ba ka misalin ramin ɗibar ƙasa. Ba a yin hanya sai da jar ƙasa, kuma ɗan kwangila yana son ya ɗebe ta kusa don ya rage kuɗin mai. A wani ƙauye da na yi aiki, an haƙa ramin bai fi jifa biyu daga gidajen ƙarshe ba, bakinsa a tsaye kamar bango. Ruwan farko ya sauka ya cika shi. Na je na tarar da yara sun tuɓe riguna suna faɗawa, wani ƙarami da bai wuce shekara shida ba yana tsaye a gaɓa, ƙasar na zaizayewa ƙarƙashin ƙafarsa. A rahoto an rubuta ƙarara cewa za a gyara ramin bayan aiki. Babu wanda ya karanta shafin sai ni. Na ɗauki hoto, na rubuta wa injiniyan da ke kula da aikin, na nemi kada a saki ragowar kuɗin da ake riƙe wa ɗan kwangila sai an gyara. Da muka zauna da magajin garin, sai ya ce su ba sa son a cike shi duka, domin nan shanu za su sha da rani, nan kuma za a buga tubali. Aka tsaya a kan a kwantar da bakin ramin ya yi gangare, a cike ɓangaren da ke kallon gidaje. Ba kamfanin da ya rubuta rahoto ne ya yi wannan ba, ya daɗe da tafiya. Haka maganar tankar da ke yayyafa ruwa don kashe ƙura a cikin gari, da girman kwalbati, da inda magudanar ruwa za ta zubar. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40, ya san hanyar ruwa ba abin wasa ba ce a ƙasar nan.

Kuma ka dubi inda kake zaune. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita kusan 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garinku. Ga hanyoyin karkara na shirin RAAMP da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda ba ya sakin kuɗi sai da jami'in muhalli da tsarin biyan diyya da hanyar karɓar koke. Waɗannan duka suna buƙatar ɗan ƙasa wanda zai zauna da manomi ya yi masa bayanin diyyar gonarsa da itatuwansa da harshen da yake ji, ya kuma san cewa ɗorawa guda ɗaya abincin gida ce na shekaru.

Shawarata, ƙanena, ka kama na gwamnatin, amma da sharaɗi. Kafin ka sa hannu, ka je ka gai da wanda zai zama shugabanka, ka tambaye shi cikin ladabi: yallaɓai, wane aiki ne ke gudana yanzu da sashen nan ke dubawa, kuma yaushe rabon da ƙaramin jami'i ya fita fili? In ya lissafa maka ayyuka, ya nuna maka rahoton duba aiki na watan jiya, to shiga da bismilla, ka liƙe wa injiniyoyi, duk motar da za ta fita ka roƙi a tafi da kai. In kuwa ya yi ta kame-kame, sashen suna ne kawai, to gara ka yi shekara biyu a kamfanin ka koyi aikin da hannunka, kana sa ido kan gurbin sashen da ke da aiki a ƙasa. Duk wanda ka zaɓa, ka nemi dokar 1992 ɗin ka karanta ta daga farko har ƙarshe, da ƙa'idojin muhalli guda 10 na Bankin Duniya da suka fara aiki a 2018, sannan ka sayi takalmin fili mai kauri kafin damina ta faɗi. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.