Adiren Kasuwar Itoku a Abeokuta: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Kasuwar Itoku tana kusa da Dutsen Olumo, kuma ita ce cibiyar adire, rinin Yarabawa. Kaya sun cika rumfuna, amma na asali kaɗan ne, shi ya sa mai saye yake bukatar ido.

Adire na gargajiya iri uku ne. Oniko ana ɗaure yadin da zaren rafiya, wato na ganyen tukurwa, kafin a tsoma a rini. Alabere ɗinki ake yi da allura, a tsuke, a rina, sannan a warware. Eleko shi ya fi cin aiki: ana dama garin rogo da alif ya zama kullu mai kauri, a zana a kan farin yadi da gashin kaza ko ta cikin farantin kwano da aka huda, a bar shi ya bushe sarai. In aka yi gaggawar tsomawa, kullun ya jiƙe ya zube, zanen ya cakuɗe.

Shuninsu ba daga baba yake ba kamar na marinar Ƙofar Mata. Daga ganyen talaki ne, wanda suke kira elu. A daka, a dunƙula, a shanya, a jiƙa da ruwan toka ya yi kwanaki yana ruɓa. Baƙin shuɗi mai zurfi sai an tsoma sau da yawa, ana barin iska ta buga tsakani. Masu wannan aiki yanzu sun ragu ƙwarai, abin takaici ne.

Mafi yawan abin da ke rumfa kampala ne, rinin kanti mai launuka a kan shadda ko auduga, yadi 5 ake yankawa. Yana da kyau, yana da sauƙin kuɗi. Matsalarsa soda mai ƙuna da hodar haidiro, sinadaran da ake haɗawa a rinin. In ba a ɗauraye sosai ba, zaren yana raunana, ya yage tun daga lanƙwasa. Ruwan rinin kuma kwata yake bi ya gangara Kogin Ogun. Wannan ya kamata a gyara, ko da ramin tace ruwa ne a kowace marina.

Sai na inji da ake shigowa da shi. Don bambanta shi da na hannu, juya bayan yadin: na inji bayansa a dushe yake, oniko da alabere kuwa launi ya ratsa duka fuska biyu, alabere har da hujin allura. Kada a ruɗe da eleko, domin fuska ɗaya ake shafa masa kullu, bayansa dole ya dushe. Na inji zanensa yana maimaituwa daidai ba kuskure. A ciro zare a ƙona: auduga toka take zama, roba narkewa take ta dunƙule.

Wankin farko a yi shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ba bilic, a shanya a inuwa. Ga mai neman na asali, ya nemi a nuna masa eleko na elu, ya shirya biyan kuɗin da ya fi na kampala nesa.