Shekara uku da kamfanin da ke kula mana da gidan haya a Samaru

Gidan da mahaifinmu ya bar mana a Samarun Zariya ɗaki goma sha biyu ne, kusan duk ɗaliban ABU ne a ciki. Ni ina aiki a Kano, ƙannena mata kowacce na ɗakin mijinta, shi ya sa muka danƙa shi ga wani kamfani a Sabon Gari, su ɗauki kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya.

Shekarar farko, tsakani da Allah, sun yi ƙoƙari. Kuɗi a kan kari, har salga suka sa aka yashe ban tuna musu ba.

Daga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 abu ya lalace. Wata takwas babu ɗalibai, Fabrairu zuwa Oktoba, na kuma yi musu uzuri, don ko masu shago a Samaru sun ji jiki. To amma an koma karatu, ɗakuna sun cika, mu shiru. Kullum na kira manajan sai ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri, yaran ne ba su biya ba."

Da damina na zo ba sanarwa. A ɗaki na bakwai na tarar yarinyar da ke ciki ta naɗe katifarta ta jera bokiti biyu a tsakar ɗaki, silin ya kumbura ya yi baƙi. Injin rijiyar burtsatse wata uku da ƙonewa, wajen 'yan garuwa suke sayen ruwa. Ta ce, "Baba, ai na biya," ta ciro rasit mai hatimin kamfanin, shekara cif har da kuɗin gyara. Kunya ta rufe ni. Mutum takwas suka nuna min irin wannan takarda.

A ofishinsu na iske masu gida biyu a benci, su ma jira suke. A nan na gane da kuɗin wannan ake rufe bakin wancan. Abin da ya fi ƙona min rai, daga hayar nan ake saya wa Hajiyarmu maganin hawan jini, kuma sun sani.

Lauya ya rubuta musu takardar soke yarjejeniya, ya kuma tambaye ni ko na taɓa duba rajistarsu da ESVARBON, hukumar da ke rajistar ƙwararru kan kula da gidaje da ƙimanta su. Ban taɓa ba, wannan sakacina ne. Muka karɓi makullai da sunayen 'yan haya a gaban mai unguwa. Rabin kuɗin sun biya, sauran yana rubuce, kuma ba zan sake ba su ko ɗaki ɗaya ba.

Yanzu 'yan haya asusun gidan suke turawa kai tsaye. Rufin ɗaki na bakwai da aljihuna na gyara, na kuma yafe wa yarinyar wata biyu.