NVIDIA, AMD ko Intel: wane katin hoto ne ba zai bar ka a duhu ba idan Linux ya sauya kanel?

Abin yakan faru ne kamar haka. Da daddare ka bar kwamfuta ta yi sabuntawa, komai ya tafi lafiya, ka kashe ta. Da safe ka kunna, tambarin kamfani ya fito ya wuce, sai allo ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan layi fari yana ta ƙiftawa a kusurwar hagu ta sama. Fanka na juyawa, wutar kibod na ci, amma teburin aiki ya ƙi fitowa. Wata rana kuma yakan fito, sai dai rubutu ya kumbura, allo na biyu ya mutu, taga idan ka ja ta da ƙyar take tafiya. Nan da nan mai kwamfuta ya fara zargin katinsa ya ƙone. Alhali kati lafiyarsa lau. Kanel ne, wato zuciyar tsarin Linux, ya yi gaba, direban kati, wato manhajar da ke sarrafa katin, bai bi shi ba.

Akwai hanyar gyara, zan zo kanta. Amma wanda bai riga ya sayi kati ba yana da damar da mai gyara ba shi da ita, domin a ranar saye ne ake zaɓar yawan wannan wahala. Masu kwatanta katuna sun fi duba gudu da yawan ma'ajiya. Mai amfani da Linux akwai tambayar da ya kamata ta riga waɗannan: direban wannan kati a cikin kanel yake, ko a waje?

Kanel shi ne zuciyar tsarin, shi ke magana da kayan ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Kusan duk bayan mako 9 zuwa 10 sabo yake fitowa, kuma masu gina shi ba su taɓa yin alkawarin barin kayan cikinsa yadda suke ba. Idan suka sauya wani abu, suna bin duk direbobin da ke zaune a cikin gida su gyara su a lokaci guda. Direban da ke waje kuwa tamkar riga ce da aka ɗinka wa mutum ɗaya. An yi ta daidai jikin kanel 6.8, ba za ta shiga 6.11 ba sai an sake awo an sake ɗinki. Duk wani baƙin allo na bayan sabuntawa, yawanci ɗinkin nan ne bai yiwu ba.

AMD da Intel direbobinsu 'yan cikin gida ne. Na AMD, wato amdgpu, ya shiga kanel tun 4.2 a shekarar 2015. Na Intel su ne i915 da kuma sabon nan xe. Sauran aikin zane yana hannun tarin manhajojin da ake kira Mesa, wadda ita ma tare da tsarin take zuwa. Ma'ana ka sa kati, ka kunna, ka ci gaba da aikinka; babu abin da za ka sauko da shi daga shafin kamfani. Masu wasannin kwamfuta sun ƙara samun riba tun da kamfanin Valve ya fitar da na'urar wasanni ta Steam Deck a 2022 da guntun AMD a cikinsa, saboda kamfanin yana biyan masu aiki a kan direban Vulkan na Mesa, wanda wasanni ke dogaro da shi wajen zane, amfanin kuma yana isa ga kowa.

Sai dai su ma suna da nasu tarkon, kuma akasin na farko ne. A nan ba sabon kanel ke kawo matsala ba, tsohon kanel ne. Idan direba a cikin kanel yake, to kanel ɗin da ya girmi kati bai san shi ba. Nau'in Linux ɗin da ake kira Debian 12 yana tafiya da kanel 6.1, wanda ya fito a Disambar 2022. Katin AMD na Radeon RX 9070 kuwa sai a Maris ɗin 2025 ya shigo kasuwa. Haɗa su biyun neman rigima ne. Haka katunan Intel Arc: na farkonsu sai a kanel 6.2 suka fara aiki ba tare da wata dabara ba, B580 na ƙarshen 2024 kuma yana son 6.12 ko sama da haka. Ba kanel kaɗai ba, Mesa da ƙunshin linux-firmware su ma sai sun zama na zamanin katin. Don haka wanda ke kan tsarin da ba ya gaggawar sauyi, gara ya sayi katin da ya shekara ɗaya ko biyu a kasuwa. Mai son Arc ya kuma tabbatar madabod ɗinsa yana da saitin Resizable BAR, mai ba furosesa damar isa ga dukan ma'ajiyar kati, don idan babu shi katin ba ya sakin jiki.

Wani abu ɗaya game da AMD ga mai niyyar haɗa kwamfuta da talabijin: a 2024 ƙungiyar da ke riƙe da ƙa'idar HDMI ta ƙi yarda a saka HDMI 2.1 a buɗaɗɗen direban AMD. Idan burinka 4K a kan 120Hz ne, nemi allo mai DisplayPort. Kuma kada a ɗauka zama a cikin gida yana nufin babu kuskure. Sabon kanel kan zo da ɓaraka a amdgpu ko i915, kwamfuta ta ƙi farkawa daga barci ko allo ya riƙa ƙyafƙyaf. Bambancin shi ne hoto yakan fito, kuma komawa kanel ɗin jiya yakan wadatar har gyara ya iso.

To, NVIDIA fa? A nan ne gizo ke saƙa, domin mutane da yawa ba don sha'awa suke sayensa ba, aikinsu ne ya ɗaure su. Wanda ke horar da ƙirƙirarriyar basira ko yake amfani da manhajar da aka gina a kan CUDA, fasahar NVIDIA ta yin lissafi da katin hoto, ba shi da wani zaɓi mai sauƙi. ROCm, kishiyar CUDA daga AMD, yana ƙoƙari, amma katunan da yake tallafawa a hukumance ba su kai yawan na CUDA ba, kuma yawancin jagororin da za ka samu NVIDIA suka ɗauka kana da shi. A manhajar zane ta Blender ma fasahar OptiX ta NVIDIA tana ba katunansa na RTX fifiko a bayyane. Ba zan ce wa mai irin wannan aiki ya guji NVIDIA ba. Abin da zan ce masa shi ne ya san abin da ya ɗauko.

Direban NVIDIA a waje yake zaune. A 2020, da kanel 5.9 ya fito, kamfanin da kansa ya shawarci mutane su dakata da sabuntawa har sai ya fitar da direban da ya dace. A Mayun 2022 ya buɗe lambobin ɓangaren da ke shiga kanel, daga direba 515, kuma daga 560 a 2024 wannan buɗaɗɗen ne ya zama wanda yake ba da shawara a kansa. Jerin RTX 50 ma da shi kaɗai suke aiki. Ci gaba ne na gaske, amma mutane na yi masa mummunar fahimta. Buɗe lambobi bai mai da shi ɗan cikin gida ba. Har yanzu duk sabon kanel sai an sake ɗinki.

Mai sayen katin hannu ya buɗe ido sosai a nan. Buɗaɗɗen ɓangaren nan daga zubin Turing ya fara, wato GTX 16 da RTX 20 zuwa sama. Duk abin da ke ƙasa da haka yana kan hanyar ritaya: direba 470 shi ne na ƙarshe ga tsofaffin katuna zubin Kepler, 580 kuma na ƙarshe ga Maxwell da Pascal, wato jerin GTX 900 da GTX 10. Idan aka daina kula da reshen direba, kanel ba ya tsayawa jiransa. Wata rana ɗinkin zai ƙi, sai dai masu sa-kai su yi ta faci. Nouveau, direban da ke cikin kanel, ba zai cece ka a kan waɗannan jeri biyu ba, domin ba ya iya ɗaga gudunsu daga matakin ƙasa. Shi ya sa a tsakanin GTX 1070 da GTX 1660, ko da na farkon ya ɗan fi ƙarfi, na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Lambobinsu kusa suke, amma ɗaya yana da sauran kwana a gaba, ɗaya kuwa an rufe masa ƙofa.

Bayan kati, sai yadda za a saka direban, kuma a ganina wannan ya kai zaɓen katin muhimmanci. Hanyar da ta fi jefa mutane cikin duhu ita ce fayil mai ƙarewa da .run daga shafin kamfani. Yana aiki a ranar farko, amma mai kula da ƙunshe-ƙunshen tsarinka bai san da zamansa ba, don haka sabuntawa na iya take shi. Ka bar shi ga ƙwararru masu dalili. Hanya ta biyu ita ce DKMS, wanda Dell ya ƙirƙiro a 2003. Shi tela ne da ke zaune a cikin kwamfutarka, duk sabon kanel da ya shigo sai ya ɗinka masa direba nan take. Amma tela ba ya ɗinki babu awo, awon kuwa shi ne ƙunshin linux-headers na wannan kanel ɗin daidai. A Fedora akmods ne ke wannan aiki ta ma'ajiyar RPM Fusion, kuma yana yin sa ne a ɓoye bayan sabuntawa ta ce ta gama. Wanda ya yi saurin sake kunnawa yana iya katse shi a tsakiyar ɗinki. 'Yan mintuna na haƙuri sun isa. Hanya ta uku, wadda na fi so ga wanda ba ya son ɓata lokaci, ita ce ɗinkakken direba da ke zuwa tare da kowane kanel, kamar yadda Ubuntu ke yi ta ubuntu-drivers.

Sai Secure Boot, wani saitin tsaro na lokacin tayar da kwamfuta. Idan yana kunne, kanel ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannun da ya yarda da shi. Ɗinkakkun na Ubuntu da sa hannunsu suke zuwa. Na DKMS da akmods kuwa sai ka yi rajistar mabuɗinka, wanda ake kira MOK: bayan sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito yana ƙirga daƙiƙu, idan ba ka taɓa komai ba ya wuce abinsa, direban kuma ya ƙi hawa duk da cewa an gina shi lafiya. Da yawa sukan kashe Secure Boot su huta. Idan akwai Windows a gefe mai BitLocker, wato makullin ma'ajiyarsa, ka nemo mabuɗin ceto ka ajiye kafin ka taɓa wannan saiti.

Nau'in Linux ɗin da kake kai shi ne ke faɗin sau nawa za ka haɗu da wannan jarrabawa. Ubuntu LTS da Debian ba sa yawan tsallake daga babban kanel zuwa wani. Fedora yana bin sabo da wuri, amma yana ajiye kanel uku, saboda haka akwai wurin komawa. Arch yana maye gurbin tsohon ne kai tsaye. Wanda ke can da katin NVIDIA ya saka linux-lts, kanel mai dogon tallafi, a gefe tun ranar farko, kada ya jira sai ya shiga duhu.

Idan kuwa duhun ya riga ya zo, kada ka yi gaggawar goge tsarin. Sake kunnawa, ka riƙe Shift ko ka danna Esc har jerin GRUB, inda ake zaɓar abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ya fito, ka shiga zaɓuɓɓukan ci gaba ka ɗauki kanel ɗin baya. Mafi yawan lokuta teburinka zai dawo kamar ba abin da ya faru, ka yi gyara cikin natsuwa. In ka fi son gyarawa daga sabon kanel ɗin, danna Ctrl da Alt da F3, allon rubutu zai buɗe. Umarnin uname -r zai gaya maka kanel ɗin da kake kai. Sai dkms status: idan ka ga direban a jere da tsohon kanel amma babu shi a gaban sabon, ka kama ɓarawon. Saka linux-headers na sabon, ka bi da sudo dkms autoinstall, ka sake kunnawa. Idan ɗinkin ya sake ƙi, dalilin yana rubuce a fayil ɗin make.log a ƙarƙashin /var/lib/dkms. Wani lokacin direban ne ya tsufa wa kanel, sai a zauna a kan tsohon har sabon direba ya fito. Wani lokacin kuma ba komai ba ne illa ɓangaren /boot, inda ake ajiye kanel, ya cika.

Mai sayen laftof ya fi kowa bukatar natsuwa, tun da shi ba zai cire kati ya sa wani ba. Yawancin masu NVIDIA suna da ƙaramin katin Intel ko AMD da ke riƙe da allon jikinsu, don haka ko direban ya faɗi hoto yakan fito. Amma a da yawa daga cikinsu ramin HDMI da NVIDIA aka haɗa shi, sai allon waje ya mutu. Mai haɗa ta tebur shi ma yana iya tanadar wa kansa irin wannan mafita: ya ɗauki furosesa mai ƙaramin katin hoto a ciki, ya guji masu harafin F a ƙarshen suna, waɗanda ba su da shi. Ranar da babban kati ya ƙi magana, sai a mai da waya ramin madabod a yi gyara da ido.

Ni dai ga inda na tsaya. Wanda aikinsa rubutu ne, intanet, bidiyo da shirya manhaja, katin da ke cikin furosesa na Intel ko AMD ya ishe shi, kada ya sayi wahalar da ba ya bukata. Mai wasanni ya ɗauki Radeon, ya duba cewa kanel da Mesa na tsarinsa ba su girmi katin ba. Wanda CUDA ta ɗaure ya sayi NVIDIA daga Turing zuwa sama, ya saka direba daga ma'ajiyar tsarinsa, ya bar tsohon kanel ɗaya a ajiye koyaushe. Idan kuma na'urar tana gabanka kafin ka biya, kada ka yi cinikin biri a sama: tayar da ita da filashin Linux ɗin da za ka yi amfani da shi, ka rubuta lspci -k, ka duba sunan direban da ke ƙarƙashin katin, sannan ka jona allo na biyu ka ga ko ya kawo.