Shagon maganin dabbobi da ke bayan karar Oko-Oba

Shekara tara ina turke raguna a Agege, kuma na saba da masu shagon da kana cewa rago ba lafiya sai su miƙo maka allura. Wannan shagon ya bambanta, shi ya sa na ga ya kamata 'yan'uwa masu kiwo su sani.

Kafin Babbar Sallar bara aka sauke min Balami 12 daga Arewa. Don ɗokin su yi ƙiba na cika musu kwano da dusar masara tun ranar farko. Kwana biyu sai gudawa, uku cikinsu ya kumbura kamar ganga, suna cizon haƙori.

Mai shagon matashi ne, likitan dabbobi daga ABU Zariya, ya kuma yi bincikensa kan abincin tumaki a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika. Da na je wurinsa, bai taɓa kwalbar magani ba sai da ya tambaye ni, "Baba, me suka ci, kuma nawa?" Ya ce tumbin rago na bukatar kamar mako biyu kafin ya saba da hatsi. In an ɗura masa lokaci guda, abincin ya yi tsami a ciki. Ya sa na janye dusar, na koma harawa da ruwa, sannan na riƙa ƙara ta kaɗan-kaɗan. Ɗaya ya mutu, sauran suka tashi.

Da ya zo turken, ya zura hannu cikin buhun tunkuzata, ya shinshina, ya nuna min koren fumfuna a ƙasa. Danshin Legas ne, ya ce, kuma gubar da fumfunar ke fitarwa hanta take ci. Yanzu buhunana kan katako suke, ba sa taɓa siminti.

Rigakafin PPR, annobar nan ta tumaki da awaki, na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom yake kawowa, yana cikin firji mai sola. Na buɗe na taɓa da hannuna, da sanyinsa.

Inda na ga gazawa: kayansa sun fi na cikin kara tsada, kuma shi kaɗai ne. Ranar da ya fita duba shanu, sai ka wuni kan benci, yaron shago ba ya ba da allura sai da izininsa.

Ɗana Sani yana zuwa taya shi ranar Asabar. Ya ce shi ma Zariya zai cike a JAMB.